Mesa Mai Zuciya a Kife

Duk wanda ya taɓa kai injin ban ruwa gyara a Madawa ya san rumfar Ɗantala, can bayan tasha, inda ƙasa ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai. Kuma duk wanda ya san rumfar ya san akwai kalma guda da ba a faɗi a cikinta. Robar nan mai kauri da ake zurawa rijiya ta zuƙo ruwa, wasu tiyo suke ce mata, wasu mesa. To a wurin Ɗantala tiyo ce, in ba ka iya faɗin haka ba ɗauki injinka ka ƙara gaba. An sha ganin manomin albasa ya taso tun daga fadama da inji ɗaure bayan moto, ya buɗe baki ya ce mesarsa ta tsage, Ɗantala ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya juya masa ƙeya kamar bango ne ya yi magana. Baƙi sukan ce tsohon baƙin hali gare shi. 'Yan ƙasar Galma kuwa sun san dalili, sai su sunkuyar da kai su yi 'yar dariyar nan tasu ta cikin hanci, wadda ta fi zagi ciwo.

Dalilin shi ne ubansa, Isufu.

Isufu yana saurayi Faransa ta zo neman soja saboda yaƙinta da Jamus. Aka tara samarin ƙauyensu na gefen fadama, aka duba haƙora, aka auna ƙirji, mai gari ya nuna shi da sanda, shi ke nan ya tafi. Sai bayan yaƙi ya ƙare ya dawo, da ɗingishi a ƙafar hagu, da tsohuwar rigar kaki, da salla. Sallar nan ita ta fara ɓata wa dangi rai, don gidansu gidan Anna ne, masu bautar gargajiya, tun kaka da kakanni, su ke kai baƙar akuya bakin kogon dutse kafin ruwan farko, inda aka ce wata mesa take kwance tana tsaron garin. Isufu ya ce shi ya bar wannan, ya koyi alwala a wurin sojojin da suka sha wuya tare. Tsofaffi suka haɗiye maganar, ba don ta yi musu daɗi ba.

Ranar da aka taru yi masa barka da dawowa, wani ya tambaye shi abin da ya sami ƙafar.

Ya ce, "Mesa."

Tsofaffi suka dubi juna. Shi kuwa bawan Allah bai lura ba, ya ci gaba da ba da labari da zuciya ɗaya. Ya ce suna tafe kan hanya, soja da farar hula da amalanke, sai ta faɗo musu daga cikin rana, jikinta rodi-rodi, tana wani irin fito. Har ya yi musu fiton, siriri, yana hawa yana hawa sannan ya karye. Ya ce tana tofa wuta ta tsakanin abin da ke juyawa a bakinta amma ba ta taɓa cizon kanta. Ya ce daga baya da Jamusawa suka kama su, aka sa su cike ramuka a filin da mesoshin suke kwana, ya gan su kusa kamar daga nan zuwa rumbu. Ba ta tashi sai mutum biyu sun murɗa mata kunne. Ƙafafunta a hammata suke, gwame gare ta, wajen sauka takan faɗi da kanta ta karye. Kuma ran da aka buɗe ƙirjin wata a gabansa, ya ga zuciyarta a kife take.

To ku gaya mini, a garin da ake kai wa mesa akuya, wa zai ji wannan ya ce labarin yaƙi ne? Tsofaffin Anna suka ce ta kogo ce ta bi shi har ƙasar Nasara don ya juya mata baya. Malaman da suka fara yawa a garin suka ce iska ce ta buge shi. Mutanen da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, a kan Isufu bakinsu ya zo ɗaya. Ya ce musu jirgi ne, jirgin sama, suka ce to, sannu. Yara suka ɗauki fiton, in ya gifta su yi masa daga bayan danga. Sunansa ya koma Isufu Mai Mesa.

Duk da haka shekaru suka tafi yana nomansa, ya yi aure, aka haifi Ɗantala. Yana da garka a fadama, gadon ubansa, inda ruwa ke kusa har mutum ya ɗebo da ƙwarya a tsugune. Da can garka ce kawai. Amma da manyan motoci suka fara zuwa daga kudu neman albasa, sai ta zama abin da ake kwana ana tunani, kuma wanda ya fi kowa tunaninta shi ne Takawa, ƙanen Isufu ciki ɗaya.

Wata ranar kasuwa, Ɗantala bai fi shekara bakwai ba, wani ƙaramin jirgi ya ratso ta kan garin, ƙasa-ƙasa, har inuwarsa ta share rumfuna. Isufu ya yar da buhun da ke kansa ya yi kan yara da gudu, ɗingishi da komai, yana ihu su kwanta. Ya ture su cikin kwari ya faɗa kansu ya rufe su da jikinsa. Ɗantala ne a ƙasa, hannunsa na hagu ya karye. Da yamma Takawa ya tara manya a ƙofar mai gari, ya kamo yaron, ya ɗaga hannun da ke lilo sama don kowa ya gani. Ya ce yau ɗansa ya karya, gobe ɗan wa zai kashe? Kafin rana ta faɗi ƙafar Isufu tana cikin turu, guntun icen nan mai rami da ake sa wa mahaukata, a wata bukka bayan gida. Takawa ya ce zai riƙe garkar amana kafin yayansa ya warke.

Isufu bai fita bukkar ba sai a shekarar babbar yunwa, a naɗe cikin tabarma. Tun kafin nan Fatsima, uwar Ɗantala, ta gaji da kallon da ake musu a bakin rijiya, ta ja ɗanta zuwa Madawa ta ba da shi ga wani mai gyaran mota. Hannun ya ɗoru a karkace, har yau da shi yake riƙe abu, da na dama yake murɗawa.

Abin da ya fi cin Ɗantala shi ne shi ma ya yarda. Ya girma yana ganin shi ɗan mahaukaci ne, ga shaida a jikinsa. Gida biyu aka hana shi mata, aka ce hauka gado ne. In ya yi fushi a wurin aiki sai ya kama kansa da sauri, yana tsoron kada abin ya motsa. Bai taɓa yi wa 'ya'yansa labarin kakansu ba, in sun tambaya ya ce ya rasu da daɗewa. Haka ya tsufa, mutum mai taka-tsantsan da muryarsa, mai jin haushin ubansa a ɓoye.

Bara waccan, wata Lahadi da la'asar, ya je gidan 'yarsa Fiddausiya, wadda ke koyar da tarihi a kwaleji. Ta dama masa fura, ta koma kan tabarma da salularta tana kallon wani tsohon fim na yaƙin duniya don shirya darasi. Yana tsakiyar sha sai ya ji fito. Siriri, yana hawa yana hawa, sannan ya karye.

Ludayin ya tsaya a hannunsa. Ya ce, "Mi ne ne wanga?"

"Jirgin yaƙin Jamus ne, Baba."

"Maido shi baya."

Ta maido. Fiton ya sake tashi, wani ɗan siririn jirgi ya faɗo daga sama kan hanya cike da mutane, gefensa rodi-rodi. Wani tsohon sojan Faransa ya fito yana magana da Faransanci, cikin maganar Ɗantala ya tsinci kalma guda da ta sa gashin jikinsa ya tashi. Ya tambaye ta me mutumin ya ce. Fiddausiya ta ce sunan jirgin ne, Mesarshimit, lamba ɗari da tara, amma sunan ya yi wa sojoji tsawo, sai su yanke shi su ce Mesar.

"Su ce mi?"

"Mesar. Baba, lahiya?"

Ya ajiye ƙwaryar a hankali, ya fita tsakar gida, ya tsaya gaban bango yana kallonsa. Tsoho mai furfura, yana kuka babu sauti, kafaɗu na rawa. Ashe sunan abin ke nan. Ashe mutumin nan sunan kawai ya faɗa, yadda ya ji ana faɗi, harshensa ya gyara shi zuwa kalmar da ya sani. A ranar ne Fiddausiya ta fara jin sunan kakanta.

Daga nan fa Ɗantala ya zame mata kaska. Kullum ya rufe rumfa sai gidanta, ta nemo, ta fassara, shi yana tsayar da ita yana cewa a maimaita. Labarin wa ya ci wa da yaƙi bai dame shi ba. Ƙirar yake so, don da ita zai auna maganar ubansa, kuma inji ba ya masa ƙarya.

Ya gane masu ƙirar abu guda suka sa gaba: su samo inji mafi ƙarfi su lulluɓe shi da jiki mafi ƙanƙanta. Fistan goma sha biyu, ƙarfin doki sama da dubu, a cikin gangar jikin da matuƙi ke shiga da ƙyar, kafaɗunsa na gogar ƙarfe dama da hagu. Gudunsa ya haura kilomita ɗari biyar a awa. Ɗantala ya lissafa a ransa, ya ce wato daga Madawa zuwa Yamai kafin tuwo ya nuna. Ya girgiza kai, don shi mai gyara ne, ya san abin da ke gudu haka ba ya daɗewa sama, kuma aka ce masa haka ne, mansa kaɗan ne, ba ya nisa da gida.

Ran da suka ga hoton injin an kware masa murfi, Ɗantala ya ce ta juya salular, ta riƙe ta a kife. Ta ce daidai take. Ya ƙura ido. Duk injin da ya taɓa kwancewa a rayuwarsa, kawunan fistan sama suke kallo, sandar da suke juyawa tana ƙasa. Wannan kuwa an juya shi, kawunan a ƙasa, sandar a sama, don hancin jirgin ya yi siriri matuƙi ya ga gabansa, a kuma sami wurin ɗora bindigogi. Ya ce, "Zuciyarta a kife take." Manomin da bai taɓa riƙe ƙarfen gyara ba, ya leƙa sau ɗaya, ya ga abin da ke gabansa daidai.

Sauran ma haka suka riƙa faɗowa. Bindigogi biyu na saman hanci suna harbi ta tsakanin farfela, an ɗaure su da juyin injin yadda harsashi ba ya fita sai reshen farfelar ya gifta. Kunnen da ake murɗawa ashe hannun tayarwa ne, ana soka shi a gefen dama, ƙarti biyu su yi ta juyawa har wani ƙarfe mai nauyi a ciki ya ɗau gudu, sannan a haɗa shi da injin. Fiton kuwa, aka ce yawancinsa daga fankar da ke ɗura wa injin iska yake fitowa.

Akwai abin da ya burge shi don kansa, ba don ubansa ba, kuma ya ji haushin burgewar. Jirgin ba shi da karbirata. Famfo ne ke fesa mai kai tsaye cikin kowane fistan, saboda haka ko ya kifa kai ƙasa farat ɗaya injin ba ya shaƙewa, alhali jiragen abokan gabansa na lokacin sai su yi tari su rasa ƙarfi. Ɗantala, da ya ƙare rayuwarsa yana busa karbiratar injin ban ruwa da baki, ya ce kai, mutanen nan sun yi tunani. Sai kuma ya tuna duk tunanin nan an yi shi ne don a faɗo kan hanya a tsinke ƙafar wani ɗan Galma da bai san dalilin yaƙin ba. Ya tofar da yawu.

Ƙafafun su suka ba shi dariya, dariyar farko a cikin watanni. An kafa su a gangar jiki maimakon fukafukai, don a iya cire fukafukan jirgin yana tsaye da kansa. Dabara ce mai kyau ga mai gyara, mugun abu ga mai tuƙi, don tazarar tayoyin ta yi kaɗan kuma sun buɗe waje. Jirage da yawa ba a harbo su ba, wajen tashi da sauka suka wuntsila. Gwame dai, kamar yadda Isufu ya faɗa.

Yanzu abu guda ya rage wa Ɗantala a duniya. Duk waɗanda suka zauna a ƙofar mai gari ran da aka ɗaga hannunsa sun mutu, sai Takawa, wanda ya haura casa'in, yanar ido ta rufe masa gani. Ɗantala ba garka yake so ba, jikokin Takawa ke nomanta, su ci lafiya. So yake tsohon ya buɗe baki gaban jama'a, kafin ƙasa ta rufe shi, ya ce Isufu ba mahaukaci ba ne. Magana ɗaya tak, a garin da aka sa shi turu.

Makaho ba ya kallon salula, don haka Ɗantala ya yanke shawarar ƙera masa abin da zai shafa. Ya samo tol, wato kwanon ƙarfe, na tsohuwar ƙofa, ya yanka, ya lanƙwasa, ya liƙa. Fukafukai masu yankakken baki, tsawon hannu guda. Murfin hanci mai buɗewa, a ciki 'yan fistan na guntayen ƙusa, kawunansu ƙasa. Ƙafafu a hammata, ɗan hannun tayarwa a dama. Ya bar injunan mutane suna jira a tsakiyar rani, abin da bai taɓa yi ba, manoma suna zuwa suna komawa suna gunaguni.

Fiddausiya ta ce, "Baba, ka bari ranar hutu in raka ka. In na yi musu bayani da hotuna za su hi saurare."

"Ba bayanin lakkwal irin na 'yan boko nike so ba. Bakinshi nike so."

"To kada ka hito da abin nan gaban mutane. Ka san su."

Ya ce ya ji. Amma ya riga ya naɗe jirgin cikin buhu.

Ranar Juma'a da hantsi ya hau kabu-kabu zuwa ƙauyen. Garin ya canza, gidajen siminti, faifan sola kan rufi. Samarin da ya gaisa da su ba su ma san shi ba, suka ce sannu da zuwa Baba. Ya lura babu wanda ya kira tsohon sunan nan na Mai Mesa, amma bai tsaya tunanin abin da hakan ke nufi ba.

Ya sami Takawa shi kaɗai a ɗaki kan buzu, ya ƙanƙance kamar yaro. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda babu komai cikinta. Sannan Ɗantala ya zare buhun ya ɗora masa jirgin a cinya. Yatsun tsohon suka bi fukafuki, suka bi wutsiya, suka gangaro ƙasa suka sami ƙafafun, suka tsaya. Ɗantala ya buɗe baki zai fara bayanin da ya kwana biyu yana shiryawa, sai ya ga hannun ya zarce da kansa zuwa gefen dama na hancin, yana lalube.

Takawa ya ce, "Ga kunnen nan."

Ɗantala ya ce, "Ka tuna maganarshi ke nan."

"Na tuna." Ya murɗa ɗan ƙarfen da yatsa biyu. "Jirgin Alman ne, mutanen Jamus. Na sani."

"Ka sani?"

"Wata shekara na raka shi Madawa, ranar da tsohin soja ke taruwa gaban kumandan. Na ja wani sarjan ɗan garin Buza gehe, na ce mishi yayana shina ta zancen mesa, ko akwai magani? Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce su duka haka suke ce mata."

A hankali Ɗantala ya tambaya, "Kahin turu, ko bayan turu?"

Tsohon ya ce, "Kahin."

Babu rawar murya, babu hawaye, kamar an tambaye shi ko an yi ruwa jiya. Ɗantala ya dubi wuyan nan siriri kamar na kaza, ya ji hannunsa na dama yana ƙaiƙayi. Ya danne shi a cinya, yadda ya saba danne kansa tun yana yaro. Ya ce bai zo da rigima ba, bai zo don garka ba, ko taki ɗaya ba ya so. In an sauko daga salla, a ƙofar masallaci, Takawa ya faɗi abin da ya faɗa yanzu. Shi ke nan, ya yafe masa duniya da lahira.

Takawa ya miƙa masa jirgin. Ya ce, "Kama ni mu tahi, lokaci ya yi."

Shi ya riƙe shi har masallaci, da karkataccen hannun nan, yana kauce masa duwatsu. A cikin salla zuciyarsa ta yi sanyi irin wanda bai taɓa ji ba. Har ya roƙa wa tsohon gafara a sujada.

Da aka sallame, mutane suka fito suna neman takalma, Ɗantala ya tsaya ƙarƙashin bishiyar bedi ya ce jama'a a ba shi kunne. Ya ce shi ne ɗan Isufu. Matasa suka dubi juna, Isufu wane? Wani dattijo ya raɗa wa na kusa da shi, raɗar ta zaga, ya ga fuskoki suna buɗewa. Da ya tsaya nan ya juya ga Takawa, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma abin da ya tara wata da watanni ya cika masa baki. Ya zaro jirgin. Ya buɗe murfin ya nuna musu zuciyar a kife. Ya yi maganar famfon mai, ya yi ta farfela da harsashi, muryarsa tana hawa, shi da bai taɓa ɗaga murya ba. Ya ga ba su gane ba, sai ya ɗaga jirgin sama da kansa ya gangaro da shi, don su ga yadda take faɗowa daga rana. Kuma don su ji da kunnensu cewa ubansa bai ƙirƙira ba, ya tattara leɓe ya yi fiton.

Wani yaro ya fashe da dariya. Ta bazu.

Sai a lokacin ya ga kansa yadda suke ganinsa, tsoho da furfura, da babbar rigar Juma'a, yana wasa da jirgin tol a ƙofar masallaci. Ya sauke hannu da sauri. Ya juya inda Takawa ke zaune kan dakali, jikokinsa tsaye a bayansa.

"Baba Takawa, hwaɗa musu abin da ka hwaɗa mini."

Aka kasa kunne, don tsohon shi ne mafi shekaru a garin. Ya ɗago fararen idanunsa, ya juya kai dama da hagu kamar mai jin yawan mutanen da ke wurin. Sannan ya sauke numfashi, cikin murya mai taushi, irin ta mai tausayi.

"Ku yi mishi addu'a," in ji shi. "Haka uban ya hwara."

Kuma wallahi suka yi. Liman ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga, aka roƙa wa Ɗantala lafiya yana tsaye a tsakiyarsu, aka shafa. Wani ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya sawwaƙe. Wani ya ce a samo masa moto a kuma sanar da 'ya'yansa. Jikokin suka ɗaga kakansu suka yi gida da shi a hankali, suna kauce masa duwatsu.

Bai jira moto ba, ya kama hanya da ƙafa, jirgin a hammata, buhun ma ya manta shi gindin bedi. Hanyar ta bi ta gefen fadama, ya wuce garkar, albasa ta yi kore shar, wani inji da ya gane aikinsa ne yana ta zuƙo ruwa. Bai tsaya ba. Ya kusa fita gari ke nan ya ji shi daga bayan danga, siriri, yana hawa yana hawa, sannan ya karye. Wani ya amsa daga can gaba. Yaran da ko da safiyar nan ba su taɓa jin sunan Isufu ba, ga shi sun iya fiton tsaf, kuma shi da bakinsa ya koya musu.

Labari ya riga shi isa Madawa. Manoman Galma sun rage zuwa rumfar, waɗanda ke zuwa kuma sukan tsaya daga bakin inuwa, suna masa magana a hankali kamar mai jinya. Jirgin yana rataye a rufi da waya, iska na juya shi. Takawa ya rasu da damina, an ce jana'izarsa ta yi jama'a.

Kwanan baya wani saurayi ya sauke inji daga moto, ya ce mesarsa ta tsage. Na kusa da shi ya zungure shi, ya tuna, ya fara gyara bakinsa. Ɗantala bai juya ƙeya ba. Ya dubi robar, ya dubi yaron, ya miƙa karkataccen hannunsa.

Ya ce, "Miƙo ta. Wannan ai roba ce."